Wa Zai Rubuta Labarin Zuru?

Da asubahin Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka kora ɗalibai 25 cikin daji. Kafin faɗuwar rana sunan Maga ya zaga duniya, ya faɗa bakin masu karanta labarai a Landan da Doha waɗanda ba su taɓa jin garin ba sai ranar. Sai dai duk wanda ya bi rahotannin farko da natsuwa ya ga cewa yawancinsu sanarwar 'yan sanda ce daga Birnin Kebbi, aka ɗan haɗa da muryar wani uba ko wani malami da aka samu ta waya.

Haka aka yi a watan Maris na 2022, lokacin da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da 60. Masarautar Zuru takan shiga jarida ne idan jini ya zuba, ta fita da zarar an binne mamata. Abin da ke faruwa tsakanin wannan hari da na gaba, wato ƙauyen da aka tashi, da gonar da aka bari ba a girbe ba, da yaran da suka yi zango guda ba su shiga aji ba, da yadda kuɗin buhun dawa ya sauya a kasuwar Bena, ba kasafai ake samun mai zama ya rubuta shi ba.

Ba don ƙasar ta rasa masu ilimi ba ne. Boko ya daɗe da kafuwa a Zuru tun kafin a ciro jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991. 'Yan mishan sun buɗe makarantu a nan tun zamanin Turawa, makarantun allo da na Islamiyya kuma suna nan unguwa-unguwa. Ƙasar ta ba Nijeriya hafsoshin da kowa ya sani: Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Musa Bamaiyi da ya shugabanci hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Tanko Ayuba, da Dauda Musa Komo da ya mulki jihar Ribas, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami da ya yi gwamnan soja a Bauci. Tun 2020 kuma garin yana da jami'ar tarayya ta aikin gona. Ƙasar da ta fitar da janar-janar haka ba za ta gaza fitar da yaron da zai rubuta abin da ya faru a ƙauyensu cikin sakin layi biyar ba, da suna, da lokaci, da shaida. Abin da ya sa irinsa suke ƙaranci yana farawa ne daga aji.

Yadda ake koyar da insha'i a yawancin makarantun gwamnati na Arewa sananne ne ga duk wanda ya zauna a kan benci. Malami ya cika allo da samfurin wasiƙa zuwa ga kawu ana neman kuɗin makaranta, ko bayani a kan ranar da ba za a manta da ita ba. Yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su sauya suna da kwanan wata su mayar. Kawun da ake rubuta wa babu shi, kuɗin ba za su zo ba, kuma yaron ya san babu mai karanta takardar don ya ji me ta ƙunsa. Mai dubawa kurakurai yake nema.

Jarrabawar ce ta tsara hakan. A takardar Turanci ta WAEC ana so ɗalibi ya rubuta kalmomi 450 cikin kimanin minti 50, a zama ɗaya, babu bincike, babu tambayar kowa, babu komawa a gyara gobe. Ana ba da maki a kan abin da aka faɗa, da tsari, da salon magana, da tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko na harafi yake cin rabin maki. Malamin da ke son yaransa su ci zai koya masu su guji duk jimlar da ba su da tabbas a kanta, su rungumi waɗanda aka haddace. Ba laifinsa ba ne. A ɗauka yana da aji uku, kowane da yara 70. Idan ya ba su aikin rubutu sau ɗaya, ya ba kowace takarda minti biyar kacal, sai ya yi sa'o'i 17 da rabi yana dubawa. Shi ya sa a makarantu da yawa yaro zai gama zango bai rubuta shafi ɗaya na kansa wanda wani babba ya karanta ya yi masa magana a kai ba.

A Zuru akwai wani nauyin kuma. Yaron Dabai ko Senchi yakan tashi da C'lela a gida, ya ɗauki Hausa a kasuwa da wajen wasa, sannan a ce ya zuba tunaninsa a takarda da Turanci. Na Mahuta da na Dirin Daji su ma suna da harsunan iyayensu, na Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu. Harshen da yaron ya fi iya ba da labari da shi, wanda yake sa abokansa dariya da shi a dandali, shi ne ba a taɓa nuna masa yadda ake rubutawa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatu da harshen uwa ko na muhalli. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi haka duk tsawon firamare, a Nuwamban 2025 kuma ta soke, ta ce a koma Turanci tun daga farko. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da yara shekara shida da Yarabanci a Ife, aka ga Turancinsu bai ragu ba. Duk da haka yaron Zuru ba a taɓa ba shi wannan dama da gaske ba, domin ko a lokacin da manufar take a takarda, littattafan C'lela da malaman da aka horar su koyar da shi ba su kai ko'ina ba.

Abin mamaki shi ne Arewa ta san wata hanyar, kuma da ita aka gina adabin Hausa na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga garuruwa yana lallashin malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Daga gasar da ya shirya aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da East ya rubuta tare da John Tafida. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi kwas ɗin rubutu. Imam, haifaffen Kagara a jihar Neja ta yanzu, malamin makarantar midil ne a Katsina yana ɗan shekara 22. Abin da ya samu shi ne mutumin da ke karanta abin da ya rubuta layi-layi, ya mayar masa, ya ce nan ka yi tsawo, nan ba a gane ba, sake. A 1936 aka kai shi Zariya ya zauna watanni kusa da East yana rubuta Magana Jari Ce, kuma da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 shi aka ba kujerar edita, ya riƙe ta har 1951.

Ita kanta Gaskiya makaranta ce. Malamin firamare a ƙauye ko magatakardan alƙali ya rubuta wasiƙa a kan rijiyar garinsu ko zaluncin mai karɓar haraji, ya aika Zariya, bayan makonni ya ga sunansa a jarida, an datse abin da ya yi yawa, an daidaita masa jimla. Ya kwatanta abin da ya aika da abin da ya fito, ya koyi darasin da babu allon da zai ba shi. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridun larduna, Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, domin dattijon da ya koyi baƙi da wasali ya sami abin karantawa a kan garinsu. Masu wannan shiri sun gane abin da manhajar yau ta manta: mutum ba ya riƙe karatu da rubutu sai yana da abin da yake son ji da wanda yake son gaya wa.

Haka marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990 suka taso. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, sai daga baya ta koma ajin manya. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino yake, su ne suka zama ajin: a karanta wa juna, a soki juna, a buga, kasuwa ta yanke hukunci. Yau 'yan mata ne ke rubuta labari babi-babi a WhatsApp, masu karatu suna jiran na gobe, wasu kuma suna shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Ana iya kushe ƙa'idar rubutunsu, kuma sau da yawa kushen yana kan hanya, amma ba a iya cewa ba su san yadda ake riƙe mai karatu ba.

Ɗan Zuru da ke son karanta aikin jarida sosai yakan bar gida ne, ya nufi Sakkwato ko Kano ko Zariya ko Kaduna. Karatun ya fara a Nijeriya ne a Nsukka a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966, Jami'ar Bayero ta buɗe nata sashen a 1978. A 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta raba kwas ɗin gida bakwai, aka ware aikin jarida daban da watsa labarai, da talla, da hulɗa da jama'a, da fim, da sauransu. Rabon yana da amfani, domin tsohon tsarin yana ɗanɗana wa ɗalibi komai ne ba tare da ya ƙware a ko ɗaya ba. Amma bai taɓa ciwon da yaro ya zo da shi daga sakandare ba. Malamin jami'a yana karɓar ɗalibin da zai iya lissafa tambayoyi shida na labari, wa, me, yaushe, ina, yaya, don me, amma bai taɓa tsayawa gaban baƙo ya yi masa ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan yawancin darussan da Turanci ake yi, alhali aikin da ke jiran mai digirin a Arewa na Hausa ne: gidajen rediyon jihohi, da masu zaman kansu da suka yawaita tun da Freedom ta buɗe a Kano a 2003, da jaridar Aminiya, da sashen Hausa na BBC da ke watsa shiri tun 13 ga Maris 1957. Da yawa sai sun je sanin makamar aiki suke fara fassara labari a gaban editan da agogo ke kora, a nan ne kuma suke gane cewa iya Hausa a baki daban, iya rubuta ta daban.

Misalin da ya fi kusa da Zuru yana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Shekaru da dama ke nan ɗalibai a can suke gudanar da ƙungiyoyin jarida nasu, irin su Pen Press, kuma da yawansu lauya ko kimiyya ko adabi suke karantawa. Suna da editocinsu a cikinsu, suna taron tsara labarai, suna liƙa abin da suka rubuta a allon sanarwa ko su sa a intanet. Labaransu na ruwan famfo ne da ya ɗauke a ɗakin kwana, da kuɗin mota zuwa cikin gari, da asibitin ƙauyen da ke maƙwabtaka da jami'a. Idan sun yi kuskure, wanda aka yi wa kuskuren yana nan a aji ɗaya da su, zai tare su kafin la'asar. Daga nan wasu suka fara aika rahoto shafin ɗalibai na jaridar The Nation da shirin Campus Reporter na Premium Times, kuma yau ana ganin sunayen tsofaffinsu a manyan kafofin ƙasar. Ba su da ɗakin shirye-shirye mai sanyi. Suna da mai karatu na gaske da edita mai jan biro.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Makarantar aikin jarida ta Jami'ar Missouri a Amurka, wadda aka buɗe a 1908, ta fara ne da jaridar gari da ɗalibai ke fitarwa ƙarƙashin ƙwararrun editoci, kuma har yau haka take. Donald Murray, ɗan jaridar da ya koma malami, ya yi kira a 1972 cewa a daina auna rubutu da abin da ya fito a zaman farko, a koyar da shi mataki-mataki yadda ake yi a ɗakin labarai: tattara bayani, wanda shi ne mafi yawan aikin, zuba shi yadda ya zo, sannan gyara.

Amma wanda ya fi dacewa da malamin Ribah ko Wasagu shi ne Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa. Ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni a huhu, ba ya iya doguwar magana a gaban aji. A 1924 ya sayo ƙaramin injin ɗab'i ya ajiye a ajinsa a ƙauyen Bar-sur-Loup. Kowane yaro ya rubuta abin da ya ga dama, abin da ya gani a hanya ko a gona. A karanta a fili, aji ya zaɓi guda, a ɗora shi a allo, kowa ya sa baki a gyara, sannan yaran su jera haruffa su buga. Daga baya suka riƙa musayar jaridarsu da yaran wata makaranta a Bretagne, can bakin teku, waɗanda ba su san rayuwar tsauni ba, sai ya zama dole yaro ya bayyana abin da a garinsu kowa ya sani. Dabarar tana warware matsalar malami mai yara 210. Ba sai ya duba takarda 210 ba. Guda ɗaya ake gyarawa a allo kowa yana gani, mako mai zuwa ta wani ce, kuma yaron da ya san ajinsu duka za su ji abin da ya rubuta ba ya kawo haddar kawu da kuɗin makaranta. Ɗan makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma rubutunsa yake kai wa malam a duba a gabansa, a nuna masa inda ya kauce, ya wanke ya sake.

Sai tambayar me za su rubuta. A nan Zuru ta fi wurare da yawa arziki. A 1966 ɗaliban wata sakandare a Rabun Gap, cikin tsaunukan jihar Georgia ta Amurka, sun gaji da darasin nahawu, aka tura su wurin kakanninsu da rakoda su tambayi yadda ake gina ɗakin katako da yadda ake haɗa maganin gargajiya. Mujallarsu, Foxfire, ta zama littafi a 1972, jerin littattafan kuma aka sayar da miliyoyin kwafi. Ɗan sakandaren Zuru yana da kakan da ya yi golmo, wato noman da saurayin Lelna (Dakarkari) ke yi a gonar surukai shekara da shekaru, har bakwai a al'adar da, kafin a ba shi mata. Wa ya zauna da dattijon ya tambaye shi yadda ake shiga, wa ke jagorantar samari, me ake yi wa wanda ya gaza, yaushe kuɗi ya fara maye gurbin fartanya? Bikin Uhola ana ɗaukar hotonsa kowace shekara, a ga rawa da kokawa da manyan baƙi a rumfa, amma bayanin waƙoƙin da ma'anar kowane mataki yana bakin tsofaffin da ke raguwa. Kusan kowace unguwa tana da tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko ya je Laberiya da Saliyo da rundunar ECOMOG. Janar Ishaya Bamaiyi ya fitar da littafinsa a 2017. Kofur da saje da suka yi tafiyar a ƙasa, nasu labarin yana tafiya kabari tare da su.

Abin da aka rubuta a kan ƙasar kuwa bai da yawa, kuma mafi yawansa da Turanci ne. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka, ya wallafa bayaninsa a kan Dakarkari a 1938 a wata mujallar Landan. A 1990 A. R. Augi da S. U. Lawal suka tattara nazarce-nazarce a kan tarihin mutanen masarautar a littafi guda. Ayyuka ne masu daraja, amma ba su ne za a samu a hannun ɗan aji biyar ba. Aji ɗaya da zai yi zango yana hira da dattawa goma, ya rubuta da C'lela ko Hausa yadda aka faɗa, ya juya zuwa Turanci, ya koma wurin dattijon ya karanta masa don ya tabbatar, ya koyi tambaya da saurare da fassara da tantancewa a aiki guda. Irin wannan yaro bayanin kalmomi 450 ba zai tsorata shi ba. A Minna, cibiyar Hill-Top da B. M. Dzukogi ya kafa ta daɗe tana nuna cewa 'yan sakandare suna iya fitar da littafi idan an zauna da su, kuma Minna ba wata duniya ba ce daga Zuru.

Jami'ar aikin gona ma tana da rabonta. Ɗalibin da zai zama malamin gona aikinsa rabi bayani ne: ya gaya wa manomi yadda zai gane tsutsar da ke cin masara, da lokacin zuba taki, da haɗarin maganin da ake zuba wa wake a rumbu. Idan an sa shi ya riƙa rubuta shafi guda da Hausa mai sauƙi kowane wata, ko minti uku na rediyo, a kai wa manoma a ji ko sun gane, ya fi masa takardar da zai kwafo daga intanet ya miƙa don maki.

Akwai haɗari, kuma duk malamin da zai fara wannan dole ya san shi. Ba a tura yaro ya binciki 'yan bindiga, ba a bar shi ya rubuta sunan wanda ake zargi da kai masu rahoto, ba a liƙa sunan yarinyar da aka sace aka sako. A ƙasar da zargi kaɗai yake iya sa a kashe mutum, darasin farko na ƙungiyar jarida ta makaranta shi ne abin da ba a bugawa. Na biyu shi ne tambayar da kowane edita ke yi: wa ya gaya maka, shi ya gani ko ji ya yi, ka tambayi ɗaya ɓangaren? Wayar da ke aljihun ɗan sakandare ta riga ta mai da shi mai watsa labari ko an koya masa ko ba a koya masa ba. Saƙon murya ya shigo cewa an ga babura sun nufo gari, ya tura wa rukuni biyar kafin ya tashi daga inda yake, kasuwa ta watse, mata su kwana a daji. Wani lokaci gaskiya ne, saƙon ya ceci rai, shi ya sa ba a iya cewa kawai a daina turawa. Abin da ake iya koyarwa shi ne bambanta wanda ya ce na gani da wanda ya ce an ce, da duba ko hoton gawarwakin da ke yawo na bana ne ko na wata ƙasa ne shekara biyar da suka wuce, irin aikin da masu tantance labarai na Dubawa suke yi tun 2018. A Zuru, inda gida ɗaya yakan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, labarin ƙarya da aka shafa wa addini yana iya raba 'yan uwa na jini. Yaran da suka saba zama teburi ɗaya suna gardama a kan ko jimla ta yi wa wani ɓangare adalci sun sami horon da wa'azin zaman lafiya na rana ɗaya ba ya bayarwa.

Makarantu da yawa suna da ƙungiyar 'yan jarida a suna. Abin da takan yi shi ne yaro biyu su tsaya a taron safe su karanta kanun labaran Abuja da suka kwafo daga rediyo. Wannan yana koyar da tsayuwa gaban jama'a, ba ya koyar da neman labari. Da za a ce labarin ya zama na cikin makarantar da unguwarta, rijiyar burtsatsen da ta lalace tun yaushe kuma wa aka gaya wa, kujeru nawa ne a aji uku kuma yara nawa, me mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta ce game da tsadar mai, da aikin ya canza gaba ɗaya. A nan ne kuma ake gane shugaban makarantar da ke son abin da gaske, domin wata rana yaran za su rubuta abin da ba zai ji daɗinsa ba, kuma idan ya yage takardar daga bango ya gama koya masu darasin da ba za su manta ba.

Sauran matsalar ta malamai ce. Mafi yawan masu koyar da insha'i su ma ba a taɓa gyara masu rubutu layi-layi ba, daga firamare har kwalejin horon malamai, kuma ba a buƙatar su rubuta komai bayan sun kama aiki sai tsarin darasi. Kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wadda ke horar da malaman jihar, ita ce wurin da ya kamata a fara sa kowane mai shirin koyar da harshe ya fitar da jaridar bango kafin a ba shi takardar shaida. Kafin nan akwai masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta aikin jarida ana tura su koyar da abin da ba nasu ba, akwai 'yan jaridar ƙasar Zuru da ke aiki a Birnin Kebbi da Kaduna da Abuja waɗanda ke zuwa gida lokacin Uhola da Kirsimeti da Sallah, akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da suka saba tara kuɗin fenti da katanga. Kayan aikin ba su wuce fallen katako da ƙusoshi da rim ɗin takarda da waya ɗaya mai ɗaukar murya ba, sai akwatin da za a riƙa ajiye kwafin kowane fitowa don kada aikin bana ya ɓace kafin baɗi. Abin da ya fi waɗannan wuyar samu shi ne sa'o'i biyu a jadawalin mako da malami ɗaya da za a rage wa darussa don ya zauna da rubutun yara, kuma wannan yana hannun shugabannin makarantu da ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi.